Mun je Safo, mun gano yadda wasa ke tara wa lakwal kuɗi

Waɗanda suka zo taron wata sun san an tura mu, mu biyar, mu je ƙasar Safo mu kalli wani abu da matan can suka shirya wa lakwal ɗin ƴaƴansu. Mun je, mun dawo lafiya, kuma tun ranar da muka sauka ake tare mu a bakin famfo da gidan suna ana cewa, "To, mi kunka gano?" Bakinmu ya gaji. Shi ya sa muka ce gara mu rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa ƴan ƙungiyarta ranar zubi.

Mun tashi ranar Asabar da sassafe, sanyi na shiga har ƙashi, hazo ya rufe gari. Safo ba nisa gare ta ba. Tana nan kudu da Maraɗi, cikin gundumar Madarumfa, kafin goron bakinki ya ƙare kin kusa. Amma ƙasar daban take da tudun da muka saba. Da an gangara wajen fadama ido ke hutawa. Mangwaro ya fara fure, garake na jere da juna, tumatir, albasa, salati, kabeji, ga zogale an shuka shi layi-layi kamar gero. Injin ban ruwa na kuka nan da can. Gulbin kansa a wannan lokaci rairayi ne zalla, yara na tsalle ciki, amalanken shanu na ratsawa. Wadda ba ta san shi da damina ba sai ta raina shi. Shi ne fa ke fitowa daga Najeriya ta wajen Jibiya, ya ratsa ƙasar Madarumfa, ya bi gefen Maraɗi, ya sake komawa Najeriya. Kuma shi ne a 1945 ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har aka mai da gari kan tudu. Babbarmu a tafiyar, wadda ta ji labarin daga bakin kakarta, sai da ta sake ba mu shi tun daga farko, ko da yake duk mun san shi.

Lakwal ɗin da muka je tana wani ƙauye na ƙaramar hukumar. Irin wadda kowa ta sani ce: aji kaɗan na siminti, saura rumfunan zana. Kun san halin ajin zana. Ba a yin sa sai an yi girbi an samu kara, don haka ƴan ciki kullum a baya suke fara karatu. Yara na zaune kan buhu, iska na zuba musu ƙasa a kaye, akuya na cin bango. Da hadari ya taso kuma karatu ya ƙare. Wannan duk mun saba da shi, har muna dariya. Abin da ba a yi wa dariya shi ne wuta. Babu uwa a jihar nan da ta manta watan Nuwamba na 2021, lokacin da wuta ta kama azuzuwan zana a wata lakwal cikin Maraɗi, ƙananan yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Sannan ga ruwan 2024 da ya rushe gidaje da azuzuwa, mutane suka fake a makarantu, har gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Matan ƙauyen suka ce su kam sun gaji da jira. Ko aji ɗaya ne, na ƴan CI, a tada shi da tubalin ƙasa a rufe da kwano.

Sun fara gwada hanyar da kowa ke gwadawa: kowane gida ya ba da jika ɗaya. Wata uku ana bi, abin da ya taru bai kai a faɗa ba. Wannan ya ce sai ya sai da wake, wancan ya ce na bara ma bai ga inda aka kai ba. Shugabar ƙungiyarsu, wata doguwar mata mai ƙaramar murya, ita ta ba mu lissafin da ya juya musu tunani. Ta ce, "Hajiya, jika guda dala ɗari biyu ce. In kin ce ma mutum ya hiddo ta gaba ɗaya, sai ya ɓata rai. Amma dala biyar sau arba'in, in yana dariya, bai san sun hita ba." Wata madam da ke koyarwa a nan ita ta kawo shawarar a yi irin wasan da ake yi a makarantun birni, wanda masu faransanci ke kira karmes. Su kuma suka ɗauka, suka ɗinka shi daidai jikinsu.

Shiri ya ci mako shida. Sun fara da darakta, sannan kwamitin lakwal da muka fi sani da Kojes, da ƙungiyar uwaye mata ta AME, sannan mai gari da liman. A wajen liman aka tsaya. Madam ta so a yi tombola, a sai da lambobi, a fidda ɗaya ya ci rago. Ta ce a birni nan kuɗin yake. Malam ya ce a'a, wannan caca ce, ko da masallaci za a gina da ita. An ɗan yi ja-in-ja, don wasu na ganin kuɗin za su wuce su. Amma shugabar ta ce ajin da rabin gari zai riƙa nunawa da baki ba shi da amfani gare su. Aka tambayi malam, to wane iri ne ya halatta? Ya ce a yi wasan da mutum zai sa hannunsa, ko ƙafarsa, ko kansa. Kuɗin shiga su tafi ga lakwal kacokan, kyautar wanda ya ci kuma kada ta fito daga cikinsu, wani daban ya bayar don Allah. Sai mata suka bi masu tebur da masu shago, wannan ya ba da sabulu, wancan kaye da bik, wani kwalin alawa, wani ashana da magi. Wani mai garka ya ba da damin rake. Mu a ganinmu wannan sharaɗi na malam alheri ya zame musu, don ko dala ba su kashe wajen sayen kyauta ba.

Da muka iso, wajen ƙarfe tara, an share fili an kewaye shi da igiya. Abu na farko da muka lura, kuma muna roƙon kowace ma'ajiya ta riƙe shi, shi ne babu mai karɓar kuɗi a wurin wasa. Tebur ɗaya ne tak a bakin shiga, mata uku na zaune, akwatin asusu na gabansu. Nan ake ba da kuɗi a karɓi tikiti, ƴan takardu da aka yanka daga tsofaffin kaye, darakta ya buga wa kowace hatimi. Tikiti ɗaya dala 5. Kowane wurin wasa da gwangwanin da ake jefa tikiti ciki. Da yamma in an ƙirga tikiti, an ƙirga kuɗi, dole su yi daidai. Canji kuwa, da yake kun san wahalarsa, tun makonni kafin ranar suka riƙa ware ƙananan kuɗin zubi suna ajiyewa.

Wanda ba shi da kuɗi fa? Sun yi tunaninsa. Kusa da teburin akwai tabarma da buhuna. Mai gero ko wake ko gyaɗa ya kawo, a auna da tiya, a ba shi tikiti gwargwado. Yaran da suka yi shara da ɗebo ruwa tun jajibiri, kowa an ba shi tikiti 4 ladan aikinsa, kuma da gangan aka zaɓi marayu da ƴaƴan marasa ƙarfi a wannan aiki, ba tare da an yi shela ba. Mun taɓa zuwa irin wannan wasa a birni inda yara ke tsaye bayan katanga suna leƙe. A Safo ba mu ga yaro ko ɗaya a bayan igiya ba.

Yanzu wasannin. Na ƙanana ba su da wuya. An jera gwangwanayen tumatir da na madara kamar dala, yaro ya jefa ƙwallon tsumma sau uku. An jera kwalabe, an ɗaura zobe a bakin zare a jikin kara, yaro ya yi ta fama ya sa zoben a wuyan kwalba. Akwai tseren buhu, akwai tseren cokali a baki da lemun tsami a kai. Da farko ƙwai suka so sawa, wata tsohuwa ta ce ba za a fasa ƙwai a ƙasa tana kallo ba. Ƴan mata sun yi tseren kwano cike da ruwa a ka, ba a riƙewa, wadda ta iso da ruwa mafi yawa ita ta ci, ba wadda ta riga isowa ba. Kowane yaro da ya shiga, ya ci ko bai ci ba, yana fita da alawa ɗaya. Wannan ya rage kuka sosai.

Fasa tulu ya fi jan yara. An rataye tsofaffin tuluna masu tsaga, waɗanda dama sun gama aiki, a reshen bedi, an zuba gyaɗa da alawa a ciki. A ɗaure wa yaro ido da kallabi, a juya shi sau uku, a ba shi sanda. Ƴan kallo na ihu, wasu na nuna masa hanya, wasu na ɓatar da shi. Sai dai a yi masa da'ira mai faɗi da igiya, a sa babba ya tsare. Mun ga sanda ta wuce kan wani mushe da kaɗan.

Samari sun yi langa, unguwa da unguwa, kowace ƙungiya ta biya tikiti 10. Kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya, ana kare ruwa har ya kai gida, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Ba a sayi komai ba, toka kawai aka zuba aka ja layi. An yi kokawar yara ma cikin rairayin da aka ɗebo daga gulbi, an haɗa su tsara da tsara, wani tsohon ɗan kokawa na alƙalanci. Ai jihar Kantu ce, wanda ya ɗauko takobin farko a Tawa a 1975, har filin kokawar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Kowane yaro da ya kada wani sai ka ji an ce ga Kantu ya dawo. Dattawa kuwa an yi musu wurinsu a inuwa, an haƙa gurabun dara 30, kowa da ƴaƴansa 12, mai kara da mai dutse. Tikiti 2 kowane zama. Waɗannan ba su tashi ba sai da aka kira azahar, kuma gwangwaninsu ya cika fiye da yadda kowa ya zata.

Amma wanda ya ɗauki rana, wanda har yanzu in mun tuna sai mun riƙe ciki, shi ne dakan maza. Turmi uku, taɓare uku, gero tiya guda a kowane. Mace ta ba da tikiti 2 ta sa a kira sunan namiji. In an kira ka, ko ka fito ka yi surfe a gaban jama'a, ko ka fanshi kanka da tikiti 4. Ko ta ina lakwal ta ci. Da muka ji tsarin mun tsorata, muka ce wannan ai sai ya kashe aure. Shugabar ta ce sun sa doka: mace ba ta kiran mijinta, ba ta kiran surukinta. Sai abokin wasa. Taubashiya ta kira taubashinta, jika ta kira kakanta, matar wa ta kira ƙanen miji. Kun ga an bi ta hanyar da ba a fushi. Wannan wasan dangi da muke yi kullum ba mu ɗauke shi komai ba, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar tun 2014.

Mun ga abin kallo. Wani mai shago da babbar riga ya ce shi ba ya fansa, zai nuna musu. Bugun farko gero ya watse rabi a ƙasa, kaji suka taho da gudu. Taubashiyarsa ta tsaya kansa tana cewa, "Haba bawana, haka kaka ci da mu? Tuwon ga sai gobe!" Wani tsoho jikarsa ta kira shi, ya ce, "Matata, ke da kanki?" ya fanshi kansa, wata jikar ta sake kira, ya sake fansa, a na uku ya tuɓe hula ya kama taɓarya. Darakta ma bai tsira ba. Wanda ya ci, wani saurayi ne da ya yi almajiranci, ya yi surfe har da luguden taɓarya yana tafi, mata suka yi ta guɗa. Geron da aka surfa kuma ba a bar shi ba, an kai gidan masu fura.

Gefen mata shi ma ya yi ciniki. Mai lalle da mai kitso sun ba da hannunsu kyauta ranar, tikiti ya tafi gwangwani. Ƴan mata sun yi gaɗa da carafke, tsofaffi mata uku suka zama alƙalai. An yi kacici-kacici tsakanin uwaye da ƴan CM2, yaran suka cinye mu, don mu ma an ja mu ciki. Ƴan lakwal sun yi ɗan wasan kwaikwayo a kan uban da ya cire ɗiyarsa daga aji don talla. An yi dariya, amma mun ga wasu maza sun sunkuyar da kai.

Abinci kuma kun san ba a koya mana. Awara, ƙosai, fanke, waina, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kunun aya, zoɓo, dakuwa. Nan ne kaɗai aka bar kuɗi ya shiga hannu. Kowace mai sayarwa ta biya kuɗin wuri dala 50, ribarta tata. Sun ce sun yi tunanin ƙungiya ta dafa da kanta, suka ga in abinci ya yi kwantai asusu zai ɗauki asara. Mun yarda da su.

Ba duka ne ya yi kyau ba, kuma su da kansu suka faɗa mana. Sun yi hayar lasifika da injin wuta daga birni, da mai da kuɗin mota, abin ya ci kuɗi mai yawa, ga shi ya yi ta ɗaukewa. A ƙarshe maroƙin gari da mai kalangu su suka riƙe filin, da muryar Allah. Ƙwallon ƙafa ya cinye rabin fili da awa biyu, ƴan kallo ba su biya komai ba. Tseren jakuna kuwa, kada wadda ta gwada. Jaki ɗaya ya ƙi tafiya, ɗaya ya bar hanya ya bi ta kan tiren wata mai awara, sai da aka biya ta. Ruwan sha ma ya yanke da rana tsaka, aka koma tura yara rijiya.

Bayan la'asar aka buga ƙarfen lakwal, aka tsai da komai. Aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar fili, aka kawo akwati. Irin namu ne, mai kwaɗo uku, amma ranar makulli ɗaya na hannun ƙungiyar asusu, ɗaya na Kojes, ɗaya na wakilin mai gari. Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Mata Masu Dubara a jihar nan ta Maraɗi aka fara ta a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ta bazu ƙasashe da yawa, kuma abin da ya riƙe ta shi ne ba a buɗe akwati a ɗaki. Maza da yawa a filin ba su taɓa ganin yadda muke ƙirga ba. Aka zube kuɗi a faranti, masu ƙirga biyu suna faɗa da ƙarfi, jama'a na maimaitawa. Wata yarinya ƴar CM2 na tsaye gaban allo da alli tana rubutawa tana tarawa. Sau ɗaya mai ƙirga ta yi kuskure, yarinyar ta ce, "Inna, ba haka ba ne, a sake." Aka sake, ita ke da gaskiya. Wani mutum a bayanmu ya ce da na kusa da shi, "Ɗiyata ce."

Abin da ya shiga jika 163. Abin da aka kashe jika 41, kuma 25 daga ciki na lasifikar nan ne. Saura jika 122, ban da gero da wake da ke cikin buhu, waɗanda suka ce ba za su sayar ba sai bazara in hatsi ya yi tsada. Tikiti da kuɗi sun sha bamban da dala 30, aka faɗa a fili, ma'ajiya ta ce ta san wajen canji ne, ta cika daga ɗaurin zanenta. Kuɗin nan ba su gina aji, kowa ya sani. An ware su don kwano da katako da ƙofa. Amma tun ba a naɗe tabarma ba mai gari ya miƙe ya ce tubali na kan maza, kowace unguwa da ranarta, magina biyu kuma suka ce aikinsu sadaka ne. Mutanen da wata uku ana bin su jika ɗaya. An rubuta komai a takarda biyu, ɗaya wajen darakta, ɗaya cikin akwati, an sa ranar da za a sake taruwa a faɗi abin da aka saya.

Ba mu tsaya cin tuwon da suka yi mana ba, sai ƙunshe mana shi aka yi. Kun san yadda yankin Madarumfa yake a shekarun nan da ɓarayin shanu da masu satar mutane, ba mai son dare ya same shi a hanya. Su ma shi ya sa suka fara da safe suka tashi da rana a sama, ba su yarda da wasan dare ba ko da samari suka roƙa. Sun raka mu har bakin hanya, da ƙullin zogale da rake kowace.

A hanya muka yi ta gardama. Biyu daga cikinmu na ganin mu yi namu kafin azumi, tun da sauran kuɗin kaka a hannun mutane kuma zafi bai sauko ba. Sauran na ganin mako shida ba su ishe mu ba, tunda a birni sai an nemi izini wajen hukuma, kuma unguwarmu ba kowa ya san taubashin kowa ba, dakan maza zai so dabara. Ba mu yanke ba, mun bar wa taron wata mai zuwa. Kafin nan muna roƙon kowace ƙungiya ta je lakwal ɗin unguwarta ta ƙirgo ajin zana nawa ne, da yara nawa ke zaune ƙasa, ta zo da lissafin a rubuce. A fara tara gwangwanaye da kwalabe da tsofaffin buhuna. Ma'ajiyoyi su riƙa ware ƴan dala 5 da dala 10 daga zubi. Wadda kuma ke da tulu mai tsaga a bayan ɗaki, kada ta yar.